Dally Messenger: ɗan masassaƙin jirgin ruwa da ya sauya gida a wasan rugbi

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu leƙa ƙasar Ostiraliya, wajen wani ɗan wasan rugbi, wato wasan nan na ƙwallo mai siffar ƙwai da ake ɗauka a hannu a ruga da ita.

An haifi Herbert Henry Messenger, wanda aka fi sani da Dally, ran 12 ga watan Afirilu 1883 a unguwar Balmain ta birnin Sidni. Mahaifinsa masassaƙin jiragen ruwa ne, kuma cikin wannan sana'a Dally ya tashi.

A zamanin, dokar rugbi na mutum 15 ta hana a ba ɗan wasa ko sisi. Ga ɗan mai hali wannan ba wata damuwa ba ce. Amma ku da kuke kasuwa kun san ranar da mutum bai buɗe rumfa ba, ranar babu kuɗin cefane. Haka leburori suke barin aiki su je wasa, ƴan kallo dubbai su biya kuɗin shiga, hukuma ta kwashe, su kuwa su koma gida hannu wofi. Wannan rigima ce ta sa a 1895 ƙungiyoyin arewacin Ingila suka ɓalle a garin Huddersfield, suka kafa nasu tsari mai biyan ƴan wasa ladar ranar da suka rasa. A 1906 suka rage ƴan wasa zuwa 13.

A 1907 babu ɗan wasan da jama'ar Sidni ke so kamar Dally, har ya buga wa Ostiraliya wasa biyu da Niyu Zilan. A wannan shekara wani ɗan wasa, Alec Burdon, ya ji rauni a fili, ya kasa aiki, hukuma ba ta biya shi diyya ba. Ran ƴan wasa ya ɓaci. Wani ɗan kasuwa, James Giltinan, da shahararren ɗan wasan kurket Victor Trumper suka ɗaura niyyar kawo sabon tsari, amma sun san in babu Dally ƴan kallo ba za su zo ba. Sai da suka nemi yardar mahaifiyarsa tukuna.

A watan Agusta 1907 ya shiga fili aka biya shi. Hukumar rugbi na mutum 15 ta kore shi, ta share sunansa daga littattafanta. Daga nan ya bi ƙungiyar Niyu Zilan rangadi zuwa Ingila, sannan ya sake komawa can a 1908 tare da ƙungiyar Ostiraliya ta farko ta mutum 13. An san shi da gudu, da dabarar kauce wa abokin gaba, da harba ƙwallo daga nesa ta wuce tsakanin sanduna. Ya jagoranci ƙungiyarsa ta Eastern Suburbs ta ci kofi sau uku a jere, 1911, 1912 da 1913, kana ya ajiye wasa. Ƴan kallo sun bi shi, har rugbi na mutum 13 ya kafu a Sidni.

Sai dai suna bai zame masa dukiya ba. Ya riƙe otal, ya gwada gonar ayaba a jihar Kwinslan, duk ba su yi albarka ba, ya koma aikin kafinta. Ya rasu ran 24 ga watan Nuwamba 1959 a garin Gunnedah, yana da shekara 76.

A 1995 rugbi na mutum 15 shi ma ya halatta biyan ƴan wasa, wato abin da aka kori Dally saboda shi. Sunansa da aka share kuwa, sai bayan shekara 100 aka mayar da shi. Har wa yau, lambar da ake ba gwarzon shekara a rugbi na mutum 13 na Ostiraliya, Dally M ake kiran ta.

Mu haɗu a fitowa ta gaba.