Marigayi Malam Bello Kagara, Mawallafin Ganɗoki

An haifi Malam Muhammadu Bello a Kagara wajen 1890, mahaifinsa Malam Shehu Usman shi ne alƙalin garin. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya Turawa suka ci Kwantagora a 1901, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya fita gudu. Bayan shekara biyu aka yi yaƙin Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kwanta dama.

Da ƙura ta lafa, Malam Bello ya haɗa karatun addini da na boko, ya koyar a Zariya, sa'an nan a Kwalejin Katsina. Can yake a 1933 sa'ad da Hukumar Fassara ta sa gasar ƙaga labari, ya rubuta Ganɗoki.

Littafin ya bi sawun zamanin mai shi. Ganɗoki ya yaƙi Turawa, ya bi masu hijira gabas, ya shiga ƙasashen aljannu, da ya komo gida ya tarar da mulkin Turawa ya kafu. Ƙanensa Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911 bayan an mai da takubba kube, shi ma ya shiga gasar, amma Ruwan Bagaja nasa labarin yawon duniya ne da raha. Gida ɗaya, gasa ɗaya, sai dai abin da idon kowa ya gani daban.

Daga baya Malam Bello ya yi alƙalanci, aka naɗa shi Walin Katsina. Ya rasu a 1971. Allah ya jiƙansa, amin.