Charles Drew: likitan da ya tsara ajiyar jini, aka ce ba a son nasa

Duk wanda ya taɓa raka mai sikila asibiti a ranar tiyata ya san tambayar farko da likita ke yi: an tanadi jini? A Asibitin Koyarwa na Tamale haka ne, haka nan a Kumasi da Yamai da Garwa. Wannan ledar jini da ake ɗaukowa daga firji da takarda manne a jikinta tana da tarihi, kuma cikin waɗanda suka fi wahala a kanta akwai wani baƙar fata ɗan Amurka, Dokta Charles Richard Drew, wanda ya rasu tun 1950.

An haife shi ranar 3 ga Yunin 1904 a birnin Washington. Mahaifinsa shimfiɗa kafet yake yi, kuma shi ne babba a cikin 'ya'yan gidan. Da ƙuruciya wasanni suka fi ɗauke masa hankali, su ne ma suka samo masa gurbi a Kwalejin Amherst, inda ya gama a 1926. Kuɗin karatun likita babu, sai ya yi shekara biyu yana koyarwa a Kwalejin Morgan ta Baltimore yana tari. Daga nan ya tsallaka Kanada, Jami'ar McGill a Montreal, ya fito likita a 1933, na biyu a ajinsu.

A Montreal ya fara bibiyar abin da ke kashe wanda ya zubar da jini da yawa, da yadda za a cike gurbin da sauri. A lokacin an riga an san rukunan jini, domin Karl Landsteiner ya gano su tun 1901. Matsalar ita ce ajiya. Jini ba gero ba ne da za a zuba a rumbu. Kwanaki kaɗan jajayen ƙwayoyinsa ke yi su fara lalacewa. Sau da yawa sai majinyaci na kwance ake fita neman mai bayarwa.

A 1938 Drew ya sami tallafin karatu zuwa Jami'ar Columbia a New York, ya yi aiki tare da John Scudder. Sun buɗe bankin jini na gwaji a asibitin Presbyterian a 1939, a 1940 kuma ya kammala digirin dokta a kimiyyar likitanci a kan ajiyar jini, baƙar fata na farko da ya same shi a jami'ar. Akwai gyaran da ya kamata a yi a nan, don ana yawan cewa shi ya ƙirƙiro bankin jini. Ba shi ba ne. Bernard Fantus ya riga shi buɗe ɗaya a Chicago a 1937. Gwanintar Drew tana wajen tsari: yadda za a ɗiba, a gwada, a adana, a yi jigila, ba tare da ƙwayar cuta ta shiga ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya gwada wannan gwaninta. A 1940 jiragen Jamus na ruwan bama-bamai a kan Ingila, asibitoci sun cika da masu rauni. Aka shirya aika musu ruwan jini daga New York, wato abin da ke saura bayan an tace ƙwayoyin, domin ya fi jure ajiya da tafiyar jirgin ruwa. Kowane asibiti na yi yadda ya ga dama, wasu kwalaben suna isa a gurɓace. Da aka ɗora Drew a kan aikin, ya sa ƙa'ida ɗaya ga kowa, ya sa ɗakin gwaji guda ya riƙa duba kowane kaso kafin a ɗora shi a jirgi. Kafin a rufe shirin a Janairun 1941, kusan mutum 15,000 sun ba da jini, an aika fiye da lita 5,000.

Wata guda bayan haka ya shiga jagorancin bankin jini na farko na ƙungiyar Red Cross ta Amurka, inda aka fara amfani da motoci masu firji da ke bin jama'a har unguwanninsu. To, a nan ne abin ya zo da ƙaiƙayi. Da shirin ya zama na ƙasa baki ɗaya, sai aka ce ba za a karɓi jinin baƙar fata ba, bisa buƙatar sojoji. A Janairun 1942 aka sassauta: za a karɓa, amma a ajiye shi daban. Mutumin da ya tsara aikin, nasa jinin ba zai shiga kwalba ɗaya da na sauran ba. Drew ya fito fili ya ce wannan ba shi da tushe a kimiyya, kuma cin fuska ne. Labarin da ake bayarwa cewa ya yi murabus cikin fushi bai yi daidai da kwanakin ba, domin tun Afrilun 1941 ya koma Jami'ar Howard.

A ganina, shekarun Howard ne suka fi nuna ko wane ne shi, ko da yake ba su ake tunawa ba. Ya shugabanci sashen tiyata, ya duƙufa wajen horar da matasan likitoci baƙar fata a asibitin Freedmen, yana tura su jarrabawar ƙwarewa ɗaya bayan ɗaya. A 1944 aka ba shi lambar yabo ta Spingarn. Duk da haka har ya mutu bai zama ɗan ƙungiyar likitocin Amurka ba, saboda reshenta na Washington ba ya karɓar irinsa.

Ranar 1 ga Afrilun 1950, shi da likitoci uku suna kan hanyar Tuskegee a jihar Alabama don taron shekara-shekara. Sun kwana suna tafiya, shi kuma ya yini a aiki. Da safe, kusa da Burlington a North Carolina, barci ya sace shi a kan sitiyari, mota ta ƙwace ta wuntsila. Aka kai shi asibitin Alamance, ya cika yana da shekara 45, ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Nan da nan labari ya bazu cewa an hana shi jini don shi baƙi ne. Abokan tafiyarsa sun ƙaryata, sun shaida cewa likitocin, farare ne, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, raunin ne ya fi ƙarfin magani. Amma jita-jitar ba daga sama ta faɗo ba. A Disamban wannan shekarar, a jihar dai, wani tsohon soja baƙar fata, Maltheus Avery, ya rasu bayan haɗarin mota, da asibitin Duke ya ce gadajen baƙaƙe sun cika. A 1950 ɗin Red Cross ta daina ware jini, jihar Louisiana kuwa sai 1972.

Me ya haɗa wannan da mu? Sikila, wadda masu Faransanci ke kira drépanocytose, a Turai ana lissafa ta cikin cututtukan da ba kasafai ake gani ba. A wurinmu kusan kowace zuriya ta san ta. A Ghana kimanin jarirai 2 cikin 100 ake haifa da ita, arewacin Ghana da Burkina Faso kuma su ne cibiyar nau'in C, shi ya sa masu SC ke da yawa a yankin. Tiyata na da haɗari na musamman gare su: maganin sa barci, sanyin ɗakin aiki, ƙarancin ruwa da iska a jiki, duk suna iya lanƙwasa ƙwayoyin jini su toshe hanyoyin huhu. Binciken da aka buga a 1995 ya nuna ɗaga ƙarfin jini zuwa wajen giram 10 kafin aiki ya wadatar, ba sai an sauya yawancin jinin ba. Wani na Birtaniya a 2013 ya sami matsala ga kashi 39 cikin 100 na waɗanda ba a ƙara wa jini ba, kashi 15 ga waɗanda aka ƙara wa.

Sai dai wanda ake yawan ƙara wa jini, jikinsa na iya fara yaƙar jinin baƙo, ko da rukunin A, B ko O ya dace, saboda wasu ƙananan alamomi da ke jikin ƙwayoyin. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma, alal misali, ba su da alamar da ake kira Duffy, wadda kusan duk Turawa ke da ita. Shi ya sa hukumomin jini a Landan da Faris ke ta roƙon 'yan asalin Afirka su zo su bayar. Wani zai ce ashe masu ware jini suna da hujja. Ba su da ita, domin su launin fata suka duba, nan kuwa gwajin ɗakin bincike ne ke yanke hukunci, leda bayan leda, kuma jinin Bahaushe na iya dacewa da Bature ya ƙi ɗan uwansa.

A zangunanmu har yanzu abin da aka fi sani shi ne a jira sai likita ya ce a kawo jini, sannan a shiga kiran dangi da abokan dangi a waya. Ga mai sikila wannan ya fi muni, don ana son jinin da aka gwada da kyau tun kwanaki kafin aiki, kuma wanda ba na mai sikila ba. Hukumar jini ta Ghana tana da cibiyar shiyyar arewa a Tamale, tana kuma fita makarantu da wuraren ibada da kayan ɗiba, irin fitar da motocin New York suka fara a 1941. Daga Jisonayili zuwa can, kuɗin keke mai ƙafa uku ne.