Grunya Sukhareva: Likitar da ta fara gane yara masu galahanga, aka manta da ita shekara 70

Duk lokacin da 2 ga watan Afrilu ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2007 domin wayar da kai kan galahanga, wato lalurar da likitoci ke kira otizim, sunayen maza biyu aka fi ambata: Leo Kanner na Amurka da Hans Asperger na Ostiriya. Su ne littattafai suka daɗe suna cewa sun gano lalurar, na farko a 1943, na biyu a 1944. Amma kusan shekara 20 kafin su, wata likita a birnin Mosko ta riga ta rubuta kamannin waɗannan yara dalla-dalla, ta kuma nuna yadda za a zauna da su. Sunanta Grunya Efimovna Sukhareva.

An haife ta ranar 11 ga watan Nuwamban 1891 a birnin Kiev, babban birnin Ukraine a yau, wanda a lokacin yake ƙarƙashin daular Rasha. Iyayenta Yahudawa ne. Ta kammala karatun likitanci a makarantar mata ta Kiev a 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, sannan ta yi aiki a asibitin masu taɓin hankali na birnin har zuwa 1921, shekarar da ta koma Mosko.

Rashar da ta tarar ƙasa ce da ta sha wuya. Yaƙin duniya ya wuce, juyin juya halin 1917 ya biyo baya, sai yaƙin basasa, sai yunwa. Miliyoyin yara sun rasa iyaye, suna kwana a tashoshin jirgin ƙasa da kangaye. A wannan yanayi ne ta fara aiki a wata cibiya da ta haɗa asibiti da makarantar kwana, inda ake karɓar yaran da suka gagari makarantun gari, wasunsu marayu, wasunsu kuma iyaye ne suka kawo su don sun rasa yadda za su yi da su.

A cikin yaran sai ta lura da wasu ƴan maza shida da ba su yi kama da sauran ba. Tun suna ƙanana ba sa shiga wasa da tsararrakinsu, sun fi son zama su kaɗai ko su bi manya da hira. Fuskarsu ba ta cika nuna abin da ke ransu ba. Muryarsu daban take, kuma sukan yi ta maimaita zance ɗaya ko tambaya ɗaya. Idan suka kama abu ba sa saki, idan aka sauya musu tsarin da suka saba sai hankalinsu ya tashi. Ƙara da wari suna damunsu fiye da kowa. Tafiyarsu da motsin hannunsu akwai sarƙewa. Duk da haka akwai mai kaifin hadda a cikinsu, akwai wanda ya koya wa kansa karatu yana ɗan shekara biyar, akwai kuma mai baiwar kiɗa da gogen Turawa.

Likitocin zamanin suna da amsa a shirye ga irin wannan yaro: farkon hauka ne. Kalmar otizim kanta wani likita ɗan Suwizalan, Eugen Bleuler, ya yi amfani da ita a 1911 don bayyana yadda babban mutum mai ciwon hauka ke janye jiki daga mutane. Sukhareva ba ta yi gaggawar yanke hukunci ba. Ta zauna da iyaye ta ji tarihin kowane yaro tun daga goyo, ta tattara abin da malamai ke gani a aji da filin wasa, ta bi yaran kimanin shekara biyu. Abin da ta gani shi ne ba lalacewa suke yi ba kamar yadda ciwon hauka ke yi wa mai shi. Ci gaba suke yi. Daga nan ta ce wannan halitta ce da ake haifuwar yaro da ita, tushenta a yadda ƙwaƙwalwa ta ginu. Ta wallafa binciken da Rashanci a 1925, sannan da Jamusanci a 1926. A 1927 ta ƙara wani kan ƴan mata biyar, inda ta nuna cewa alamun sukan zo da wata fuska a wajen mata, batun da likitoci ba su mayar da hankali a kai sosai ba sai a ƴan shekarun nan.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a aikinta shi ne yadda ta rubuta ƙarfin kowane yaro kamar yadda ta rubuta rauninsa. A makarantar ba ɗaure yara ake yi ba, ba kuma kulle su a ɗaki. Suna da aji, da motsa jiki, da zane, da aikin kafinta, da wasa cikin rukuni, kuma ana cin abinci tare. Ana neman abin da yaro ke so, a bi ta nan a jawo shi cikin mutane. Wasu daga cikinsu sun koma makarantun gari, mai gogen kuma ya samu shiga makarantar koyon kiɗa.

Wannan fahimta tana da nauyi idan aka duba abin da ya faru daga baya a ƙasashen Yamma. Daga shekarun 1940 zuwa na 1960 an yaɗa ra'ayin cewa sanyin zuciyar uwa ne ke jawo galahanga, ra'ayin da Bruno Bettelheim ya ƙara wa ƙarfi a Amurka da littafinsa na 1967. Iyaye mata da yawa sun rayu da wannan zargi kafin bincike ya rushe shi. Shi kuma Asperger, takardun da masanin tarihi Herwig Czech ya fito da su a 2018 sun nuna ya tura wasu yara naƙasassu zuwa asibitin Spiegelgrund na Vienna, inda gwamnatin Nazi ta hallaka ɗaruruwan yara.

Ɗora wa uwa laifi ba baƙon abu ba ne a nan gida. A garuruwan Hausa da dama, yaron da ya kai shekara huɗu ko biyar bai buɗe baki ba, ba ya haɗa ido da mutane, yana kaɗa hannu ko jujjuya jiki, sai a ce ɗan ruwa ne ko iska ta shafe shi. Sai a koma ana lissafin abin da uwar ta yi da tsohon ciki, ko ta yi wanka da almuru, ko ta je bakin kogi da tsakar rana. Ƙarshenta a ɓoye yaron a ƙuryar ɗaki idan an yi baƙi, kuɗin gida kuma su ƙare wajen neman magani.

A jihar Diffa lamarin ya ƙara sarƙewa. Mutanen Baroua sun bar garinsu a 2015 saboda hare-haren Boko Haram, dubbansu ba su koma ba sai a watan Yunin 2021, kuma ƙauyuka da yawa na bakin Komadugu sun ga irin wannan tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da galahanga, don haka da wuya a samu unguwa ko sansanin ƴan gudun hijira da babu irin waɗannan yara. Su ne kuma ƙarar bindiga, da cunkoso, da sauyin wurin kwana suka fi gigitawa. Yaƙi ba ya haifar da galahanga, amma yana iya rufe bakin yaro lafiyayye saboda firgici, kuma daga nesa su biyun sukan yi kama. Hanyar da Sukhareva ta bi wajen rarrabewa ba ta buƙatar na'ura. Tambayar uwa ake yi yadda yaron yake tun yana goye, kafin tashin hankalin, sannan a yi haƙurin lura da shi na tsawon lokaci. Ita ma ta san yaran yaƙi, domin bayan yaƙin duniya na biyu ta yi rubutu kan illar da ya yi wa tunanin yara.

A ƙasarta ba a manta da ita ba. Ta shugabanci sashen taɓin hankali a birnin Kharkov daga 1933 zuwa 1935, ta dawo Mosko ta kafa sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara a cibiyar ƙaro ilimin likitoci, ta riƙe shi shekara 30. Laccocinta da aka buga a littattafai uku su ne likitocin yara na Tarayyar Soviet suka taso da su. A waje ne sunanta ya ɓata. Mulkin Stalin ya katse hulɗar masanan ƙasar da na Yamma, Jamusawa kuma sun rubuta sunan nata da wasu haruffa daban, Ssucharewa, abin da ya sa mai nema zai iya wuce shi bai sani ba.

Ta rasu a Mosko ranar 26 ga watan Afrilun 1981, tana da shekara 89. A cikin watan ne Kanner ma ya rasu, kuma a shekarar ce wata likita ƴar Ingila, Lorna Wing, ta fito da rubutun da ya sa sunan Asperger ya karaɗe duniya. Sai a 1996 wata likitar yara a Edinburgh, Sula Wolff, ta fassara binciken 1926 zuwa Ingilishi. Na ƴan matan biyar kuwa bai fito da Ingilishi ba sai bayan shekara 90 da rubuta shi. Babbar cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa ta birnin Mosko yanzu sunanta take amsawa.