Tarihin Markoni, Mutumin Da Ya Kafa Wayar Iska

Da yawa daga cikin masu karatu sun san cewa in akwatin rediyo ya ƙi yin magana sosai, sai a zare 'yar sandar ƙarfen nan da ke jikinsa, ko kuwa a ɗaura mata guntuwar waya a rataya bisa itace ko katanga, nan da nan murya ta fito tangaran. Wannan waya ita ake kira eriya. Mutumin da ya fara gane muhimmancinta, har ya gina arzikinsa da sunansa a kanta, wani Bature ne mutumin Italiya, sunansa Guliyelmo Markoni.

An haife shi a birnin Bolonya ran 25 ga Afrilu, 1874. Ubansa, Giuseppe, mai gonaki ne mai abin hannu. Uwarsa kuwa, Annie Jameson, mutuniyar Ayalan ce, saboda haka yaron ya tashi yana jin Turanci kamar yadda yake jin harshen ubansa, wannan kuwa ya yi masa rana daga baya. Bai yi fice a makaranta ba, bai kuma sami digirin jami'a ta hanyar karatu ba. Abin da ya taimake shi shi ne wani shaihin malami na Jami'ar Bolonya, Augusto Righi, wanda ya yarda masa ya riƙa zuwa sauraron darasi yana duba kayan gwaje-gwaje.

A shekarun 1887 da 1888 wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, ya nuna cewa in aka sa lantarki ya yi tartsatsi tsakanin ƙarafa biyu, wata igiya wadda ido ba ya gani takan tashi ta bazu ko'ina, kamar yadda igiyar ruwa take bazuwa in an jefa dutse a tafki. Tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata ita ce ake aunawa da mita, ita ce kuma masu shela a rediyo suke nufi in sun ce suna magana a kan mita 31 ko mita 49. Hertz ya rasu a farkon 1894 yana da shekara 36, bai kai ga yin wata sana'a da abin da ya gano ba. A cikin wannan shekara Markoni ya karanta labarin aikinsa, sai ya ƙudura a ransa cewa za a iya buga waya da wannan igiya ba tare da an kafa falwaya ko ɗaya ba.

Wurin da ya fara aikin ba wani babban wuri ba ne. Wani ɗaki ne can saman benen gidan ubansa da ake kira Villa Griffone, a ƙauyen Pontecchio, inda dā ake kiwon tsutsar alharini, 'yar uwar wadda take yi mana zaren tsamiya a ƙasar nan. A nan ya harhaɗa batura da nannaɗaɗɗiyar waya da wata 'yar siririyar kwalba mai garin ƙarfe a ciki. Kwalbar ba ƙirarsa ba ce, wani Bafaranshe ne mai suna Branly ya ƙago ta, Markoni dai ya gyara ta ne. In igiya ta iso sai garin ƙarfen ya manne, lantarki ya sami hanya ya wuce. Kafin shekara ta ƙare ya iya danna makunni a wannan kusurwa ta ɗaki, ƙararrawa ta kaɗa a waccan.

A 1895 ya fita da kayansa fili, a nan ne kuwa ya yi tuntuɓe da abin da ya bambanta shi da sauran masu bincike. Ya lura in ya haɗa gefe ɗaya na na'urarsa da farantin ƙarfe ya binne a ƙasa, ɗaya gefen kuma ya haɗa da waya ya ɗaga ta sama, saƙo yakan yi nisa ninkin ba ninkin. Kome ya ƙara wa wayar tsawo, sai nisan ya ƙaru. Da haka ya aika da alama wajen mil ɗaya da rabi, har ta tsallake wani tudu da ke bayan gidan. Ana ba da labari cewa da harbin bindiga aka sanar da shi daga bayan tudun cewa alama ta iso. Har yau eriyar da ake tsayar da ita sak, a haɗa gindinta da ƙasa, da sunansa ma'aikatan rediyo suke kiranta.

Cikin watan Fabrairu na 1896 shi da uwarsa suka tafi Landan, domin Ingila ce ta fi kowa jiragen ruwa a zamanin, jirgi kuwa ba shi da hanyar da za a ja masa waya. Ya shigar da takardar neman rajistar ƙirarsa ran 2 ga Yuni, kana William Preece, babban injiniyan Gidan Waya na Ingila, ya karɓe shi hannu biyu. Daga nan abu ya yi ta gaba. A 1897 ya kafa kamfani. Cikin Maris na 1899 ya aika da saƙo daga Faransa zuwa Ingila, wajen mil 32 a kan ruwa. A 1900 ya yi rajistar hanyar da za a saita mai aikawa da mai karɓa a kan zango guda, don kada tashoshi su riƙa shiga maganar juna.

Sai ya ɗauko babban aiki, wato tsallake Tekun Atlantika. Masana da yawa sun ce ba zai yiwu ba, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce: igiyar tana tafiya miƙe kamar haske, duniya kuwa a dunƙule take, saboda haka saƙo zai wuce sama ya ɓace. Markoni bai tsaya gardama ba. A wani wuri da ake kira Poldhu, a ƙarshen yammacin Ingila, ya sa aka kafa turaku 20 a kewaye, kowane tsawonsa ƙafa 200, aka rataya musu wayoyi. John Ambrose Fleming ne ya shirya masa injin aikawa. Ran 17 ga Satumba, 1901, hadari ya taso ya kwantar da turakun. A watan Nuwamba waɗanda ya kafa a gefen Amurka su ma iska ta kayar da su. Dukiya mai yawa ta salwanta, ba tata kaɗai ba, har da ta mutanen da suka zuba kuɗinsu a kamfanin.

Abin da ya yi bayan wannan hasara shi ya fi ba ni sha'awa a duk tarihinsa. A Poldhu ya sa aka tsai da turaku biyu kawai aka shimfiɗa wayoyi tsakaninsu kamar mafici. Shi kuma ya ɗauki mataimaka biyu, Kemp da Paget, suka shiga jirgi zuwa garin St. John's a tsibirin Newfoundland, suka sami ɗaki a wani tsohon asibiti bisa dutse. Ba su da turke ko ɗaya. Suka ɗaga waya da balan-balan, iska ta tsinke ta tafi da shi. Sai suka koma ga abin wasan nan da ake yi da ƙyalle da sanduna a ɗaura masa igiya iska ta ɗaga shi, suka rataya masa waya mai tsawon ƙafa 500. Ran 12 ga Disamba, 1901, da rana tsaka, Markoni ya ce ya ji ƙwas sau uku a kunnensa, wato harafin S a haruffan buga waya, daga nisan fiye da mil 2,000. Wannan ya fi nisan Sakkwato zuwa Ikko sau uku.

Ya kamata a faɗi cewa ba kowa ya gaskata shi ba, har yanzu ma akwai masana masu shakka, domin ban da Kemp babu wanda ya ji, babu kuma na'urar da ta rubuta. Amma cikin Fabrairu na 1902, a kan jirgin ruwa mai suna Philadelphia, ya sa na'ura mai rubutawa, kyaftin yana shaida. Da dare alamar Poldhu ta kai wajen mil 2,100, da rana kuwa ba ta wuce wajen mil 700 ba. A wannan shekara Kennelly da Heaviside suka ce lalle akwai wani rufi na lantarki can sama wanda yake komo da igiya ƙasa, Appleton kuma ya tabbatar da haka a 1924. Dalilin ke nan da tashoshin nesa suka fi kamuwa bayan magariba. Ran 18 ga Janairu, 1903, aka aika da gaisuwar Shugaban Amurka Roosevelt zuwa ga Sarkin Ingila Edward na Bakwai ta wayar iska, wata biyu ke nan kafin Turawa su ci Sakkwato.

Daga nan sai girma ya yi ta zuwa. A 1909 aka ba shi kyautar Nobel tare da wani Bajamushe, Ferdinand Braun. Cikin Afrilu na 1912 da jirgin Titanic ya nutse, mutum fiye da 1,500 suka halaka, wajen 700 da aka tsamo kuwa kiran neman agaji da ma'aikatan kamfaninsa suka buga ne ya kawo musu jirgin Carpathia. A shekarar nan kuma ya yi hatsarin mota ya rasa idonsa na dama.

Duk wannan lokaci manyan kamfanoni sun ɗauka dogon zango ne kaɗai yake kai saƙo nesa. Tashoshin Markoni na tsallake teku suna aiki a kan dubban mitoci, eriyarsu tana cin fili kamar gonar sarki, injinsu yana shan kuɗi. Akwai kuwa wasu mutane, ɗalibai da akawuna da malamai, waɗanda suke harhaɗa na'urorinsu a gida don sha'awa, ba don neman kuɗi ba. Da suka yawaita, sai Amurka ta yi doka a 1912 ta tura su mita 200 zuwa ƙasa, a kan zaton wurin ba shi da amfani. Ashe nama aka ba su da sunan ƙashi. Cikin Nuwamba na 1923 Léon Deloy na birnin Nice a Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell na Amurka a kan wajen mita 100. Cikin Oktoba na 1924 wani saurayi, Cecil Goyder, daga makarantar Mill Hill a Landan, ya yi musaya da Frank Bell a New Zealand, ƙarshen duniya ke nan.

Markoni shi ma bai yi barci ba. Tun 1916 shi da injiniyansa Charles Franklin suke gwada gajeren zango. Ya sayi jirgin ruwa ya sa masa suna Elettra, ya mai da shi gida da ɗakin gwaji. A 1923 ya zo da shi har tsibiran Cape Verde, yamma da Senegal, yana kama Poldhu a kan mita 97. Da ya ga haka bai ji nauyin juya wa manyan tashoshinsa baya ba. A 1924 ya yi yarjejeniya da Gidan Waya na Ingila, layin Kanada ya buɗe a 1926, na Ostareliya da Afirka ta Kudu da Indiya a 1927. Ta wannan hanya ta gajeren zango ce BBC ta fara watsa shirye-shirye zuwa ƙasashen waje a 1932, Sashen Hausa kuma ya biyo baya a 1957.

Ga dalilin da ya sa wannan ya shafi mai ƙaramin gida. Tsawon eriya yana bin tsawon zango ne, yawanci rabinsa ko rubu'insa. Mai aiki a kan mita 200 yana bukatar waya ta mita 100. Mai aiki a kan mita 20 kuwa wajen ƙafa 33 ta ishe shi, a raba ta biyu a shigo da wayar na'ura ta tsakiya. Malamin da ke haya a Gidan Dare a birnin Sakkwato yana iya shimfiɗa wannan daga kan soro zuwa darbejiyar ƙofar gida. In filin bai kai ba, sai ya koma ga irin ta Markoni, ya tsai da gora ya ɗaura mata waya ta wajen ƙafa 16 da rabi, ƙasa ta tsaya a madadin ɗaya rabin. Sai dai busasshen rairayi irin namu ba ya ɗaukar lantarki sosai, saboda haka ba a dogara ga ƙarfe guda da aka kafa, gara a shimfiɗa wayoyi da dama daga gindin gorar a binne su kaɗan. Ana kuma iya gajarta eriya da nannaɗaɗɗiyar waya, amma ƙarfinta yakan ragu. Sauraro dai kowa yana iya yi, aikawa kuwa sai da lasin gwamnati, kowane mai lasin yana da lambar kira, ta Nijeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U.

Ƙarshen rayuwarsa yana da tabo wanda bai kamata a ɓoye wa mutumin Afirka ba. A 1923 ya shiga jam'iyyar Musolini, a 1930 aka naɗa shi shugaban majalisar masana ta Italiya. Da Italiya ta auka wa Habasha a 1935, ya goyi bayan yaƙin a fili, yaƙin da aka zuba wa Habashawa iskar guba daga jiragen sama. Mutumin da na'urarsa ta ceci ɗaruruwan rayuka a teku bai ga laifin wannan ba.

Ciwon zuciya ya kashe shi a birnin Rum ran 20 ga Yuli, 1937, yana da shekara 63. Washegari tashoshin rediyo a ƙasashe da dama suka yi shiru na minti biyu. Gardamar wanda ya riga wani kuwa ba ta mutu tare da shi ba. Mutanen Rasha suna ba Alexander Popov wannan girma, saboda na'urar da ya nuna ran 7 ga Mayu, 1895. A 1943 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke wani sashe na rajistarsa ta saita zango, ta ce Lodge da Stone da Tesla sun riga shi. Kabarinsa yana cikin harabar gidan ubansa a Pontecchio, gidan kuma an mai da shi wurin ajiye kayan tarihi, ana kai baƙi su ga ɗakin tsutsar alharini.