Joe Louis: Zakaran damben da ya kafa gasar ƙwallon lambu

Duniya ta fi sanin marigayi Joe Louis a fagen damben boksin, inda ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kuma kare shi har sau 25. Sai dai akwai wani fagen da ya yi gwagwarmaya a cikinsa wanda ba kasafai ake tunawa da shi ba, wato wasan ƙwallon lambu, ko golf.

An haifi Joseph Louis Barrow ranar 13 ga watan Mayun 1914 a jihar Alabama da ke kudancin Amurka, cikin talakawan manoma baƙar fata. Yana yaro iyalinsa suka ƙaura zuwa birnin Detroit, inda ya koyi dambe.

Ya fara buga golf ne a tsakiyar shekarun 1930, kuma wasan ya shiga ransa matuƙa. Masu tarihi da dama na ganin cewa lokacin da ya ɓata a filin golf maimakon atisaye na cikin dalilan da suka sa Bajamushe Max Schmeling ya doke shi a 1936. Bayan shekara biyu ya rama, inda ya gama da Schmeling tun a turmin farko.

Gasar Detroit

A wancan zamani ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan golf ta Amurka, PGA, tana da wata doka da ta kafa a 1934, wadda ta keɓe zama mamba ga fararen fata kaɗai. Saboda haka baƙar fata suke shirya nasu gasannin a ƙarƙashin ƙungiyar UGA, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

A 1941 Louis ya kafa gasar Joe Louis Open a filin Rackham da ke yankin Detroit, ya kuma sanya ladan dala 1,000 daga aljihunsa. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse gasar bayan ya shiga soja a 1942, sannan aka farfaɗo da ita bayan yaƙin. Ba ta yi tsawon rai ba, domin a farkon shekarun 1950 ta tsaya, a daidai lokacin da bashin haraji ya yi wa Louis katutu.

Duk da haka, ta bai wa ƙwararru irin su Ted Rhodes, wanda Louis ya ɗauka malaminsa na golf, da Bill Spiller damar nuna bajintarsu.

Takaddamar San Diego

A watan Janairun 1952 masu shirya gasar San Diego suka gayyaci Louis, amma PGA ta ce ba zai buga ba. Ya fito fili ya soki ƙungiyar a kafafen yaɗa labarai, abin da ya tilasta mata barinsa ya buga a matsayin wanda ba ƙwararre ba. Spiller kuwa aka hana shi.

Louis bai taɓuka abin kirki a gasar ba, amma matsin lambar ya sa PGA ta amince baƙar fata su shiga gasar da masu ɗaukar nauyi suka gayyace su. Sai a watan Nuwamban 1961 aka soke dokar baki ɗaya, bayan da babban lauyan gwamnatin jihar Kalifoniya, Stanley Mosk, ya tasa ƙungiyar a gaba. Charlie Sifford na cikin waɗanda suka fara cin gajiyar hakan.

Louis ya ƙarasa rayuwarsa cikin rashin lafiya da ƙarancin kuɗi, yana aikin tarbar baƙi a wani otal na birnin Las Vegas. A can ya mutu ranar 12 ga watan Afrilun 1981 yana da shekara 66, aka kuma binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.