Grace Hopper: Malamar da ta Koya wa Kwamfuta Jin Magana

An haifi Grace Murray a birnin New York na ƙasar Amurka ranar 9 ga Disamba, 1906. Tun tana ƙarama take da son sanin yadda abubuwa suke aiki. Tana shekara bakwai ta kwance wani agogo mai ƙararrawa don ta ga abin da ke cikinsa, ta kasa mayar da shi yadda yake. Sai ta ɗauko wani ta kwance. Kafin mahaifiyarta ta farga, agogo bakwai sun zama tarkace. Mahaifiyar ba ta hana ta ba, sai dai ta ware mata guda ɗaya ta riƙa gwaji da shi.

Da ta nemi shiga Kwalejin Vassar tana shekara 16, ba a ɗauke ta ba, domin makinta na harshen Latin ya yi ƙasa. Ta sake nema a shekara ta gaba, ta samu shiga. Ta gama a 1928 da digiri a fannin lissafi da kimiyyar fiziks, ta wuce Jami'ar Yale, inda ta sami digirin digirgir a lissafi a 1934. A 1930 ta auri Vincent Hopper, kuma ko bayan da auren ya mutu ta ci gaba da amsa sunansa.

Ta fara koyarwa a Vassar a 1931. Salonta ya bai wa ɗalibanta mamaki, domin ba ta gamsuwa da amsa kaɗai ko da daidai ce. Takan sa su rubuta bayanin yadda suka kai ga amsar da cikakkun jimloli, sannan ta gyara musu rubutun. Wasu suka riƙa ƙorafi cewa lissafi suka zo koyo, me ya haɗa su da darasin harshe? Ita kuwa a ganinta, wanda ya san lissafi amma ya kasa bayyana shi ga wani, saninsa bai amfani kowa ba. Duk abin da ta yi daga baya yana da tushe a wannan ra'ayi.

Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Grace ta nemi shiga rundunar sojan ruwa. Aka ce shekarunta sun yi yawa, nauyinta ya gaza da kusan kilo 7, kuma ƙasa ta fi bukatarta a aji. Ba ta haƙura ba har aka ɗauke ta a ƙarshen 1943. A 1944 aka tura ta Jami'ar Harvard ta yi aiki a ƙarƙashin Howard Aiken a kan wata na'urar lissafi mai suna Mark I. Tsawon na'urar ya wuce mita 15, nauyinta kusan tan 5, kuma takan ɗauki sakan shida kafin ta ninka lamba biyu. Ana ba ta umarni ne ta hanyar huda ramuka a doguwar takarda. Grace ce aka ɗora wa aikin rubuta littafin da ke bayanin yadda ake sarrafa ta, littafi mai shafi sama da 500 wanda ya fito a 1946.

Mutane da yawa sun fi sanin ta da labarin wani ƙwaro da ya maƙale a cikin na'urar Mark II a 1947, aka ciro shi aka manna a littafin aiki. Labarin yana da daɗin ji, amma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ya kamata a tuna ta da shi.

Babban aikinta ya fara ne bayan 1949, lokacin da ta koma kamfanin da ke ƙera kwamfutar UNIVAC. A wancan zamani, duk mai son bai wa kwamfuta umarni sai ya rubuta shi da dogayen jerin lambobi. Aikin yana cin lokaci, kuskure ɗaya yana ɓata komai, kuma ƙwararrun masana lissafi ne kawai suke iya shi. Da an tsaya a haka, da akawu da ɗan kasuwa da ɗalibi ba su da rabo a kwamfuta. Grace ta yi tunanin a samar da tafinta a tsakani, wato wata manhaja da za ta karɓi umarnin da mutum ya rubuta a sauƙaƙe, ta mayar da shi lambobin da na'ura take ganewa. Ta gina irin wannan manhaja mai suna A-0, ta kuma gabatar da maƙala a kanta a wani taron masana kwamfuta da aka yi a birnin Pittsburgh a 1952. Taken maƙalar yana magana ne a kan ilmantar da kwamfuta. Malama ce, don haka ita ma na'urar ta ɗauke ta tamkar ɗaliba.

Daga nan ta ƙara matsawa gaba, ta ba da shawarar a riƙa rubuta umarni da kalmomin Ingilishi na yau da kullum. Shugabanninta suka ƙi, suna ganin kwamfuta lissafi kawai ta iya. Sai da ta yi kusan shekara uku tana fama kafin su yarda. Don ta nuna musu cewa na'urar ba ruwanta da wane harshe ne, ta sa aka rubuta umarni iri ɗaya da Faransanci da Jamusanci, ya kuma yi aiki. Harshen da ita da abokan aikinta suka ƙirƙiro, FLOW-MATIC, shi ya zama babban ginshiƙin harshen COBOL, wanda aka tsara bayan wani taron masana da kamfanoni a hedikwatar tsaron Amurka a 1959. Har yau akwai bankuna da ofisoshin gwamnati masu yawa da ke aiki da shi.

Ta yi ritaya daga soja a 1966, aka sake kiran ta a 1967. Ta sake ritaya a 1971, aka sake kiran ta a 1972. A waɗannan shekaru ta zagaya jami'o'i da tarurrukan masana tana lacca, kuma takan zo da guntayen waya a jakarta, kowanne tsawonsa kusan santimita 30. Wannan shi ne nisan da haske yake iya tafiya a cikin kashi ɗaya daga biliyan na sakan. Takan raba wa masu sauraro su riƙe a hannu. Idan manyan hafsoshi suka tambaye ta dalilin da saƙo yake jinkiri ta tauraron ɗan'adam, sai ta sa su yi tunanin guntaye nawa za a jera daga ƙasa zuwa can sama. Ga masu rubuta manhaja kuwa, takan ɗaga naɗin waya mai tsawon kusan mita 300, wato tafiyar haske a kashi ɗaya daga miliyan na sakan, don su ga girman abin da suke zubarwa idan suka yi sakaci. Lambar da ke kan allo tana iya wuce ɗalibi, amma waya a tafin hannu da wuya a manta da ita.

Ta bar aikin soja na ƙarshe a 1986 tana shekara 79, da muƙamin Riya Admiral, ta kuma ci gaba da yawon lacca har ƙarfinta ya ƙare. A tsufanta takan lissafa horar da matasa a cikin manyan abubuwan da take alfahari da su. Ta rasu ranar 1 ga Janairu, 1992, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. Shekara biyu bayan haka, a 1994, aka fara wani babban taro na mata masu karatu da koyarwa da bincike a fannin kwamfuta a birnin Washington, aka sa masa sunanta.