Edoardo Weber

Edoardo Weber (29 ga Nuwamba 1889 – Mayu 1945) injiniya ne kuma ɗan kasuwa ɗan ƙasar Italiya, wanda ya kafa kamfanin ƙera kafireto na Weber a birnin Bologna. Kafireton da ke ɗauke da sunansa ne akasarin motocin tsere na Italiya suka yi amfani da shi daga shekarun 1930 zuwa na 1960.

Farkon rayuwa

An haife shi a Turin. Mahaifinsa ɗan Siwizalan ne, shi ya sa sunansa ya yi kama da na Jamusawa. Tun yana matashi ya kama aiki a kamfanin Fiat, daga baya aka tura shi reshen kamfanin na Bologna. Shi kansa ya taɓa tseren mota: a 1920 ya zo na uku a gasar Mugello da wata Fiat 501.

Aikinsa a kan kafireto

Kafireto shi ne ke gauraya fetur da iska kafin su shiga silinda. Injin fetur yana buƙatar nauyin iska ya ninka na mai kusan sau 15. Iskar tana bi ta wani maƙogwaro mai ƙunci, gudunta ya ƙaru, sai ta janyo mai. Matsalar tana ga faɗin maƙogwaron. Idan ya yi ƙunci, mota za ta yi lafiya a cikin gari amma numfashinta ya ƙare in an taka totur. Idan ya yi faɗi, za ta yi gudu a buɗaɗɗiyar hanya amma ta riƙa shaƙewa a ƙaramin gudu, ga shan mai.

A 1923 Weber ya kafa masana'antarsa a Bologna, ya fara da kayan ƙara wa motocin Fiat ƙarfi. Dabararsa ta farko ita ce kafireto mai maƙogwaro biyu, ƙarami da babba. Ƙaramin yana aiki a tafiyar yau da kullum, babban kuma ba ya buɗewa sai direba ya nemi gudu. Ta haka mota ɗaya ta samu tsimin mai da ƙarfi tare.

A shekarun 1930 ya juya ga motocin tsere, inda ba a damu da tsimi ba. Nan ya yi maƙogwaro biyu masu faɗi ɗaya da ke buɗewa tare, ta yadda in an jera kafireto biyu ko uku kowace silinda za ta samu nata maƙogwaron. Maserati, wanda a lokacin yake Bologna, da Alfa Romeo sun karɓi wannan tsari, haka ma ƙungiyar tsere ta Enzo Ferrari da ke Modena.

Ɓacewarsa

Weber ɗan jam'iyyar Fasist ta Mussolini ne, kuma masana'antarsa ta bunƙasa a ƙarƙashin wannan mulki. Sojojin ƙawance sun shiga Bologna a ranar 21 ga Afrilu 1945, aka shiga makonni na ramuwar gayya a kan waɗanda ake ganin sun yi wa tsohuwar gwamnati aiki. A ranar 17 ga Mayu wasu mutane suka tafi da shi, ba a sake ganinsa ba. Ba a taɓa samun gawarsa ba. Yana da shekara 55.

Kamfanin bayansa

Mafi yawan shaharar sunan ta zo ne bayan mai sunan ya tafi. Motar Ferrari ta farko, 125 S ta 1947, tana da kafireton Weber uku, ita kuwa 250 GTO ta 1962 shida gare ta, wato maƙogwaro 12 ga silinda 12. Fiat ya karɓi ragamar kamfanin a 1952. A 1986 Weber ya koma ƙarƙashin Magneti Marelli, a 1992 kuma aka daina ƙera kafireto a Bologna, aikin ya koma Madrid ta ƙasar Sifen. A lokacin injekta ta riga ta kori kafireto daga akasarin sababbin motoci.

Weber da sauran kamfanoni

Masu gyaran tsofaffin injuna don ƙarin ƙarfi har yanzu suna zaɓe tsakanin sunaye kaɗan. Holley na Amurka ya dace da manyan injuna masu silinda takwas, inda kafireto ɗaya mai maƙogwaro huɗu ke ciyar da su duka. SU na Ingila yana sauya faɗin mashigar iska da kansa, yana da sauƙin tafiya a gari. Dell'Orto na Italiya ya yi kusa da Weber a tsari ƙwarai. Solex na Faransa kuwa kanikawan Arewacin Najeriya sun saba da shi, domin yana cikin Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, motar da ta daɗe tana jigilar fasinja a hanyoyi irin ta Katsina zuwa Kurfi da Dutsin-Ma.

Abin da ya fifita Weber, musamman samfurin DCOE mai kwance, shi ne kusan duk abin da ke auna mai da iska a cikinsa ana iya cire shi a sauya da wani girman. Wannan falala ce ga ƙwararre, wahala ce ga wanda bai iya ba, don kafireto biyu da ba a daidaita su da juna ba sun fi guda ɗaya mai lafiya muni. Lambar da ke gaban sunan, kamar 40 ko 45, faɗin bakin maƙogwaro ce a milimita. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗora 45 a kan ƙaramin injin da 40 ta ishe shi, sai motar ta rasa ƙarfi a ƙaramin gudu, inda aka fi tuƙa ta.